Takalmin Musbahu

Ranar wata Juma'a da safe, cikin zafin shekarar 1987, masu kora tumaki zuwa kasuwar dabbobi suka tsinci gawar Musbahu a gefen hanyar tsakuwa da ta bi ta bayan ɗakunan ajiyar kaya na Khumra, wata unguwa a Jidda. Yana kwance rub da ciki, goshinsa a fashe, takalmansa a ƙafa. Kusa da shi akwai sawun tayar babbar mota.

Kafin a tafi masallaci unguwa ta gama shari'arta. Babbar mota ɗaya ce ke bin wannan hanya da sassafe, wato wayit ɗin Isha'aku, tankar da ke kawo wa mutane ruwa. Kuma kowa ya ji cacar bakin da suka yi da marigayin a farkon mako. Musbahu ya ce ruwan gishiri ake sayar musu. Isha'aku ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Wanda ruwan Jidda bai yi masa ba ya koma rijiyar ƙauyensu. Kauce mini, gurgu, kada wata rana in bi ta kanka."

Isha'aku mutumin Chadi ne. Unguwar kuwa yawancinta mutanen gari ɗaya ne, Tungar Adua ta ƙasar Adar, a Nijar. Suka zo aikin hajji ɗaya bayan ɗaya suka zauna, wannan ya jawo ƙanensa, wancan ya jawo surukinsa. Mutane sun fi son laifi ya fito daga nesa. Da shurɗa, 'yan sandan ƙasar, suka zo, bakuna da yawa suka maimaita musu wannan magana ta tagar mota, aka tafi da Isha'aku. Aka ce in ta tabbata da gangan ya yi, kisasi ne, wuyansa zai biya.

Washegari matarsa Rakia ta je kasuwar dabbobi neman Kassimu.

Kassimu dattijo ne, ya haura sittin. A gida sana'arsa bin sawu, in an saci raƙumi ko saniya shi ake kira. A Jidda yana tsaron garken wani dillali, kuma in rago ya ɓata a cikin kasuwa har yanzu shi ake nema. Ba ya yawan magana, in ya yi kuma ba ta cika daɗi ba.

Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba Kassimu, mijina bai take kowa ba."

"Kin gani da idonki?"

"Ban gani ba."

"To ki ce kina zato."

"Bakinsa ne ba shi da linzami, Baba. Ko kyanwa ta gitta masa tsayawa yake yi."

"Kin san ni ɗan garin mamacin ne? A gabana aka raɗa masa suna."

"Na sani. Shi ya sa na zo. In baƙo ya faɗa ba za su ji ba."

Kassimu ya daɗe yana kallon garke. Ya ce, "Zan duba. Amma in na tarar shi ne, ke zan fara faɗa wa, kuma ba zan sassauta ba."

Ta ce ta yarda.

*

Wurin da aka tsinci gawar bai ba shi komai ba. 'Yan kallo da tumaki sun tattake shi tas. Abu ɗaya kawai ya lura da shi, jinin da ke kan tsakuwa bai kai na wanda goshinsa ya fashe a wurin ba. Wannan ba hujja ba ce, ƙasa mai ƙishi tana shanye abu da yawa. Ya riƙe abin a ransa ya wuce gidan makoki.

Aissa, matar marigayin, tana cikin takaba. Ya zauna a bakin ƙofa, labule a tsakaninsu, ya yi mata gaisuwa, ta amsa.

"Ranar Alhamis ina ya ce miki za shi?"

"Inda yake zuwa kowace Alhamis, Kawu. Zumuncin 'yan gari, a wurin Na'ibi."

"Da bai dawo ba, ba ki nema ba?"

"Yakan kwana can. In ya dawo ma ba ya mini magana. Bakinsa cike da kanumfari, ya kwanta ya juya wa bango fuska."

"Kin taɓa tambayarsa me ake yi a zumuncin?"

Ta ce, "Mace tana tambayar abin da take iya ɗaukar amsarsa ne."

Ya roƙi ya ga kayan da aka dawo da su daga jikin gawar. Ta turo masa leda ta ƙarƙashin labule. Riga, hula, da takalmin fata mai jan saƙa, ɗinkin gida. Kassimu ya san irinsa. Bara da Na'ibi ya je ganin gida ya dawo da buhu guda, ya raba wa mazan garin tsaraba. Rabin unguwa da shi suke yawo, shi kansa Kassimu yana da nasa.

Ya juya takalmin ya dubi ƙasansa, ya sa yatsa ya bi gefen.

Musbahu ya yi shan inna yana yaro. Ƙafarsa ta hagu jan ta yake yi, kuma duk takalmin da ya sa sai ya cinye ta gaba, wajen babban yatsa. Wannan kuwa gabansa lafiya lau. Ta dunduniya ya ci, ta waje, musamman na dama. Takalmin mutum ne mai jiki, mai watsa ƙafa.

"Zan ari wannan," in ji shi.

"Lafiya, Kawu?"

"Ban sani ba tukuna."

*

Na'ibi shi ne babban mai gadin wani ɗakin ajiyar tayil, makullai a hannunsa suke. Mutum ne mai faɗa a ji a cikin 'yan garin. Shi ke samo wa sabon zuwa kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa, shi ke shiga tsakani in iƙamar wani, takardar izinin zama, ta mutu. Shi ne kuma ya yi ta kai-kawo har aka ba da gawar Musbahu da wuri aka rufe.

Ya tarbi Kassimu da shayi. Ya ce, "Yaya, ka tsufa da yawon rana. Me kake nema?"

"An ce Musbahu nan ya yini ranar Alhamis."

"Wa ya ce? Wannan makon ba mu zauna ba. An kawo kaya, na yini ina sauke su."

"Ranar Alhamis da rana? Ai rufewa kuke yi."

"Mai kaya ya matsa."

"Me kuke yi in kun zauna?"

"Shayi da hira. Mu ji kaset ɗin gida. Laifi ne?"

"Ni ba a taɓa kirana ba."

Na'ibi ya yi dariya. "Kai da hira, Yaya? Da ka zauna sai kowa ya tuna da kabarinsa." Sai ya gyara murya. "Ka bar maganar nan. Mai laifi na hannu. Matar can ta zo ta yi maka kuka, na ji. Kukan mace ba shaida ba ne."

Kassimu ya fito da zargin Na'ibi a ransa, domin ƙarya ya ji ƙarara. A bakin ƙofa ya tsaya kamar mai gyara takalmi, ya dubi na mai gidan. Ƙafar Na'ibi kamar faranti take, takalmin da ke cikin ledar ko rabin dunduniyarsa ba zai ɗauka ba. Maƙaryaci ne, amma ba takalminsa ba ne.

Daga nan ya biya shagon Abdulghaffar. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci.

"Ya ammi Kassimu, tafaddal. Me za a ba ka?"

"Labari. Me mutanen Na'ibi ke saye a nan?"

"Wallahi ni ba ruwana. Ina sayar da halal. Ruwan inabi na kwalba, sukari. Haram ne?"

"Da yawa?"

"Katan-katan. Na ce musu, ya jama'a, ku masu gadi ne ko masu biki? Suka ce zafi."

"Ka taɓa zuwa?"

Abdulghaffar ya leƙa waje, ya rage murya. "Sau ɗaya. Wallahi sau ɗaya, khalas. Ban ma sha ba sosai."

Ga abin da ya faɗa. A bayan ɗakin ajiyar akwai wani ɗan ɗaki mara taga. Can suke ajiye jarkoki, ruwan inabin ya kwana a ciki har ya zama giya. Kowace Alhamis da an tashi aiki sai su taru, ba su kai goma ba, dukansu 'yan Tungar Adua. A shimfiɗa tabarma, kowa ya tuɓe takalmi a baki. Zama bisa shekaru ake yi, kamar a ƙofar gidan mai gari. Ƙoƙo ɗaya ne, daga gida aka zo da shi, yana zagayawa daga babba zuwa ƙarami. Na'ibi ne Sarkin Ƙoƙo. Akwai Sarkin Jarka mai haɗawa, akwai mai gasa nama, akwai mai yi wa kowa kirarin gidansu. Wanda ya sami abin farin ciki a makon, shi ake ba jarka sabuwa ya buɗe, ya sha shi kaɗai har sai ya ce a taya shi. Sai a sa kaset ɗin da aka aiko daga gida, a ji wa ya mutu, wa ya yi aure, gero ya yi ko bai yi ba.

"Suna dariya, suna dariya," in ji Abdulghaffar, "ba'den sai ka ga ƙato yana kuka, wai ya tuna uwarsa. Miskinai ne, ya ammi. Kewar gida ce."

"Kowa na kewar gida," in ji Kassimu. "Wa ke Sarkin Jarka?"

"Wannan ban sani ba. Wallahi."

Ya sani. Amma Kassimu bai matsa masa ba.

Kewar gida gaskiya ce, ba wanda ya yi zaman baƙunta zai musa. Amma mutanen nan sun ɗauko ladabin zaman iyayensu kaf, girmama babba, kirari, ƙoƙo ɗaya, suka shimfiɗa wa abin da iyayen ba za su bari ya shiga gidansu ba. Kuma a ƙasar da suka zo don Ɗakin Allah. Suka sa wa abin suna zumunci. Zumuncin da sai an kulle ƙofa ake yinsa, ranar da ya karye ba shi da mai kai shi asibiti.

*

Ranar sadakar uku Kassimu bai shiga cikin taro ba. Ya zauna a bakin tabarma inda ake tuɓe takalma. Masu jan saƙa sun cika wurin, duk ɗinki ɗaya. Ya bi su da ido, yana neman wanda ya cinye ta gaban hagu. Babu. Duk wanda ya tafi da takalmin Musbahu ya gane, ya ɓoye. Kassimu ya koma gida yana ganin an riga shi. Takalmi abu ne da ake jefawa a juji, ko a teku.

Da gari ya waye ya biya ya gaida Aissa, ya kuma mayar mata da ledarta. Matan unguwa sun share ƙofar gidan da yamma bayan an watse, sun yayyafa ruwa. Rairayin ya kwanta sumul.

Kafin ya yi sallama muryarta ta fito ta bayan labule. "Kawu, dubi bayan durom ɗin ruwa. Da na fito alwala na gani. Ban taɓa ba."

Wani ƙunshi ne a cikin takardar siminti, an ɗaure da igiya da kyau. Ya kwance. Takalmi mai jan saƙa, an goge shi har da mai. Na hagun ya cinye ta gaba, wajen babban yatsa.

"Nasa ne," in ji Aissa. "Ni na san nasa. To wanda aka kawo mini fa, na wane ne?"

"Kada kowa ya taka nan," in ji Kassimu.

Ya tsuguna. Sawu ɗaya ne ya shigo daga lungu ya tsaya a bayan durom, silifa na roba irin na shiga bayi. Mai shi ya daɗe a tsaye, domin dunduniya ta nutse. Mutum ne mai jiki. Ƙafarsa ta dama tana watsawa waje. Kassimu ya ciro takalmin da ke cikin leda ya ajiye a gefen sawun. Tsawo ɗaya, ci ɗaya.

Ya bi shi. Sawun ya ratsa lungun masu walda, ya ɓace a kan kwalta, ya sake fitowa a bayan masallaci inda ruwan alwala ke jiƙa ƙasa. Mai shi bai shiga masallacin ba. Ya tsaya a ƙofa, ya juya. Daga nan hanya ɗaya ya bi, ba sauri, har wata ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti.

Kassimu ya san ƙofar. Ta Abubakar ce, ɗan wan uban Musbahu. Tare suka taso, jirgi ɗaya ya kawo su. Shi ya wanke gawar, shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Bai ƙwanƙwasa ba. Ya wuce gidan Malam Mahmud, limamin unguwa, ya roƙe shi ya tara masa mutanen zumunci ranar Alhamis bayan la'asar, a wurin da suka saba taruwa.

*

Ɗakin ya sha wanki, ba jarka ko ɗaya, amma warin na nan a bango. Suka zo dukansu, domin ba a ƙin kiran Malam. Ba wanda ya ce musu ga yadda za su zauna, amma suka jeru bisa shekaru, Na'ibi a sama.

Kassimu ya ajiye takalma biyu a tsakiyar tabarma.

"Wannan a ƙafar gawa aka same shi, kuma ba na Musbahu ba ne. Wannan na Musbahu ne, kuma bayan an rufe shi ya dawo gida. Mutumin da mota ta buge a hanya ba ya musayar takalmi. Inda ake musayar takalmi shi ne inda aka tuɓe su tare. Abubakar, sa wannan mu gani."

Abubakar bai motsa ba.

Na'ibi ya ce, "Yaya, wane irin wasa ne wannan? Takalmin nan ni na raba shi, kowa na da irinsa."

"Kowa na da irinsa, amma ba kowa ke da irin ƙafarsa ba. Abubakar."

"Ba sai na sa ba, Baba," in ji Abubakar. "Nawa ne."

"Rufe bakinka," in ji Na'ibi.

"Na rufe shi tun ranar, Sarki. Ba ya rufuwa."

Abubakar ya ba da labarin, kansa a ƙasa. Shi ne Sarkin Jarka. An yi ta yi masa tsiya cewa haɗinsa ya zama ruwan yara, sai ya samo wani farin ruwa a wurin wani mai aiki a masana'anta ya ƙara a sabuwar jarka. A makon nan Musbahu ya sami labarin an yi wa 'yarsa ta gida baiko, don haka shi aka ba ya buɗe. Ya ce abin na da ɗaci, aka yi masa dariya, mai kirari ya zuga shi, ya ci gaba. Sauran suna kan tsohuwar jarka. Can Musbahu ya fara amai. Daga baya ya ce a kunna fitila, alhali tana kunne. Ya tashi zai fita, ya faɗi a kan ƙarfen ɗaga kaya.

"Ya mutu nan take?" in ji Malam Mahmud.

"A'a, Malam. Ya daɗe. Yana kiran sunana, yana cewa in kai shi asibiti."

"Me ya hana?"

Kassimu ya ce, "Na'ibi, da kai ake."

Na'ibi ya ce, "In mun kai shi, likita zai ji wari. Daga nan sai shurɗa, sai bulala, sai jirgi. Muka ce a ba shi madara, abin zai sake shi. Kowa a nan ya yarda. Kada wanda ya dube ni."

Abubakar ya ci gaba. Da rai ya yi halinsa suka ɗauke shi zuwa hanya. Har sun ajiye, Na'ibi ya ce ba mai yarda mutum ya fito tafiya ba takalmi. Abubakar ya koma da gudu ya ɗebo guda daga cikin tarin ya sa masa. Sai da kowa ya sa nasa ya ga wanda ya rage.

"Da shi na koma gida. Duk takun da na yi, takalmin na karkatar da ni yadda yake karkatar da shi."

"Me ya sa ba ka jefar ba?" in ji Kassimu.

"Na kai shi juji, Baba, na dawo da shi. Kayan marayu ne. Ya shiga gado. In na jefar na ci dukiyar maraya."

Kassimu ya dube shi. "Ka ji tsoron takalmin maraya. Uban marayan yana kiran sunanka ba ka ji tsoro ba. Ga wani can za a sare wa wuya, shi ma da 'ya'yansa."

Abubakar ya sa fuska a cikin tafin hannu.

Na'ibi ba wawa ba ne. Ya bari ɗakin ya lafa, sannan ya yi magana a hankali. "Yaya, abin da ya faru ya faru. Mu duba masu rai. In maganar nan ta fita, gidaje nawa za su mutu a Tungar Adua? Kowa a nan yana ciyar da mutum goma. 'Ya'yan Musbahu kuma har abada sunansu 'ya'yan wanda giya ta kashe. Wa zai auri 'yar da aka yi wa baiko? Akwai hanya. Aissa ta je gaban alƙali ta yi tanazul, ta ce ta yafe jinin. Dangin da ke gida ni zan shawo kansu. Ba za a kashe Bachaden ba. Zai ɗan zauna, a mayar da shi ƙasarsu. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya tozarta."

Wasu suka ɗaga kai. Malam Mahmud ya ci gaba da jan carbinsa.

Kassimu ya ce, "Jinin ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Mai shi za a tambaya. Amma duka za a faɗa mata, ba rabi ba."

*

Su uku suka je gidan Aissa kafin magariba, Kassimu da Malam Mahmud da Na'ibi. Kassimu ya faɗa mata komai ta bayan labule, bai rage ko madarar ba. Sannan Na'ibi ya kawo shawararsa, ya kawo ta da kyau, ya ambaci yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Da Aissa ta yi magana muryarta ba ta rawa.

"Malam, in na je gaban alƙali me zan ce?"

"Za ki ce kin yafe wa Isha'aku jinin mijinki."

"Da rantsuwa?"

"Za a rubuta, ki sa hannu, da shaidu."

"To ai bai kashe shi ba. Yaya zan yafe wa mutum abin da bai yi ba?"

Na'ibi ya ce, "Don 'ya'yanki, Aissa."

"Na san mijina yana sha, Yaya Na'ibi. Na rufa masa asiri yana da rai, ina cewa gobe zai bari. Da na tona tun farko, wataƙila da yanzu yana gida da tabon bulala a baya, yana cin tuwo. Rufin ya isa haka. 'Ya'yana za su ji kunya, ba za ta kashe su ba. Kawu Kassimu, gobe in za ka wurin shurɗa ka biyo mini."

"Kina takaba," in ji Malam Mahmud.

"An hana mai takaba fita ceton rai, Malam?"

"Ba a hana ba."

Ba su ne suka fara isa ba. Da suka je ofishin shurɗa da safe, Abubakar na zaune a kan benci a waje, ya riga su.

Abin da Na'ibi ya ji tsoro duk ya faru. An yi bulala, an yi ɗauri, daga baya aka sa su a jirgi. Gidaje sun ji jiki a Tungar Adua, kuma baikon 'yar Musbahu ya warware. Mutanen garin da suka rage a Khumra suka daina amsa sallamar Kassimu, wasu har ya bar duniya. Ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Wanda ya ce gaskiya ba ta da tsada bai taɓa sayenta ba.

Ranar da aka saki Isha'aku, a rame ya fito, kansa a aske. Rakia ta ɗauka gida za su wuce, sai ya ce ta raka shi wani wuri tukuna. Ya tsaya a ƙofar Aissa ya yi sallama, ya tsuguna a kan rairayi.

"Ban samu na zo gaisuwa ba," in ji shi. "Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Allah ya jiƙansa. Na kira shi da sunan da bai kamata ba, a gaban mutane. Wannan na yi. In ana yafewa a madadin mamaci, ki yafe mini."

"Wannan kam na yafe," in ji Aissa.